Farfesata Tana Amsa Tambayoyin Da Aka Yi Mini

Anti mai filin shawara,

Don Allah ki taimaka mini kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Matata ta gaji da jinta, abokina ya gaji, ni ma na gaji da kaina. Idan kin ga ina ta zagaye ki yi haƙuri, haushi ne ya yi mini yawa.

Ni mai bincike ne a kan ƙwayoyin cutar bairos, kuma fannina na kaji ne. Ki yi dariyarki, kowa ma yi yake. Surukina har gobe likitan kaji yake ce mini. Bara na gama digirina na uku, ina nan kuma a ɗakin gwajin da na yi karatun, a ƙarƙashin Farfesar da ta koyar da ni. Dukanmu Mama muke ce mata, har masu furfura a cikinmu.

Bari in fara da alherinta, don kada ki ɗauke ni butulu. Matar nan ta yi mini rana. Akwai lokacin da firizarmu ta mutu a ƙarshen mako, samfuran da na yi watanni ina tarawa suka lalace kaf. Na zauna a ƙasa dirshan na ce na bar karatun. Washegari sai ga Mama da takalmin roba, mace mai shirin ritaya, ta bi ni gonakin kaji ɗaya bayan ɗaya, ita ke riƙe kaza ni ina goga auduga a maƙogwaronta. Da aka haifi 'yata, ta riga wasu dangina zuwa asibiti. Duk abin da na iya a aikin nan a hannunta na iya shi, ban taɓa musun wannan ba.

To ga matsalar. Akwai wani taro da matasan masu bincike irina suka kafa, ana yinsa ta intanet duk wata. Mutum ɗaya zai gabatar da aikinsa, sauran su saurara daga inda suke, sannan a yi masa tambayoyi. Don mu 'yan farawa aka yi shi, tunda manya suna da nasu tarukan da ba ma samun ko gefen kujera. Ba a hana manya shiga ba, amma kowa ya san sauraro ne nasu. Babu wanda ya rubuta haka a matsayin doka, saboda babu wanda ya zaci sai an rubuta.

Da layi ya zo kaina, na yi shiri kamar me. Na maimaita jawabin a gaban matata har ta haddace shi, tana gyara mini idan na tsallake wani wuri. A gininmu sabis ba ya zama sai ta wajen ɗakin ajiya, don haka can na shiga ranar, tsakanin firizoji biyu masu gurnani, na ɗora kwamfuta a kan kwalayen safar hannu, na rataya farar riga a bayana don ta rufe tsintsiya da bokiti. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da ofishin Mama. Ni da hannuna na tura mata gayyatar, don ladabi, kamar yadda na tura wa matata da Yayata da surukina.

Jawabin ya tafi daidai, wallahi ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na nuna gonakin, na nuna kejin da ake jigilar kaji a ciki, na nuna abin da na samu a jikinsu. Ƙaramin abu ne, amma nawa ne, da ƙafata na tako shi. Har na fara jin kaina ya yi girma. Sai aka buɗe filin tambaya.

Wata ɗaliba ce ta fara, ta tambaya ko na gwada agwagi. Ban gwada ba tukuna, amsar ke nan. A ɗakin gwajinmu muna da tsari. Duk mako muna zama a dogon teburi, kuma idan aka yi maka tambaya ba ka yin caraf ka amsa. Za ka sunkuyar da kai ka jira, sai Mama ta ɗaga maka kai sannan ka buɗe baki. Ta ce hakan yana hana mutum faɗin abin da bai auna ba, kuma gaskiyarta ne. Shekaru muna haka. To ni ma na ɗan sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, ina jira. Mama ta kashe kyamararta, baƙin akwati ne kawai da sunanta a allon. Ban ankara ba sai na ji muryarta har sau biyu, ta bango da kuma ta abin sauraron da ke kunnena, tana cewa abin da yaron yake son ya faɗa shi ne kaza da kaza. Yaro, Anti. Ni da gemuna da 'yata, a gaban mutanen da ban taɓa gani ba.

Ta yi ta bayani a kan agwagin da ta yi aiki a kansu tun ina firamare. Bayani mai kyau kuwa, sai dai ba shi aka tambaya ba. Aka yi tambaya ta biyu, na sunkuya, ta sake karɓewa. Daga baya na ga wani ya rubuta a gefen allon wai ko sabis ɗina ne ya ɗauke. Matata ma ta ce har tashi ta yi ta kai wayarta bakin taga, ta zaci hoton ne ya daskare. Sharri ne kawai, shirun bai kai haka ba.

Tambaya ta uku ita ce ta kashe ni. Akwai wata Dakta da ke shugabantar ɗakin gwaji a wata cibiya, tana neman wanda zai riƙe mata wani sabon aiki a kan cututtukan tsuntsaye, da ɗalibansa da komai. Na daɗe da aika mata takarduna, kuma don ta ji ni ta shigo taron. Ta tambaya me ya sa na cire samfuran wata gona daga sakamakona. Wannan amsa ni kaɗai na santa a duniya. Murfin kular ƙanƙara ne ya tsage a hanya, ƙanƙarar ta narke, samfuran suka ɗumame, na zubar da su don ba abin dogaro ba ne. Mama ba ta je ba ranar. Amma ina sunkuyawa sai ta ce ai kajin gonar an yi musu rigakafi ne, shi ya sa muka ajiye su gefe. Ba haka ba ne. Ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, domin ta yaya zan ce wa Mama ta yi kuskure a bainar jama'a? An naɗi taron, an ɗora shi a intanet, yana nan kowa zai iya kallo, da amsar da ba daidai ba da kuma kaina yana gyaɗawa.

Ana rufewa ta turo ƙofar ɗakin ajiyar fuskarta fal murna, ta dafa kafaɗata ta ce mun fita kunya. Na ce mata na gode. Me zan ce?

A gida kuma aka ɗora daga inda aka tsaya. Yayata ta bugo waya tana ta sa wa Mama albarka, wai ba don baiwar Allahn nan ba da ƙaninta ya sha kunya. Surukina ya aiko a tambaye ni, wai tsakanina da matar nan wane ne daktan. Matata ta fi kowa. Ta ce abin ya yi mata kama da uwa ta zo ɗaukar ɗanta daga makaranta. Yanzu idan ta tambaye ni ko zan sha shayi, kafin in amsa sai ta ɗauki waya wai bari ta kira Mama ta ji abin da yaron yake son ya ce. Ina yin dariya don kada a ce ban san wasa ba, amma raina ɓaci yake yi.

Bayan 'yan kwanaki Daktar ta turo mini saƙo gajere. Ta ce aikin ya burge ta, amma ta tashi daga taron ba ta san ko na wane ne ba. Ta ce wanda za ta ɗauka zai riƙa tsayawa shi kaɗai a gaban masu tambaya, don haka tana son ta ji ni da bakina. Wata mai zuwa za a yi zama na musamman a kan tsuntsaye, masu shiryawa sun ba ni ɗan lokaci a ciki, ita ma za ta shigo, daga nan za ta yanke. Idan wannan ya wuce ni, ban san ranar da irinsa zai sake zuwa ba, kuma zan ci gaba da zama yaro a dogon teburi har in yi furfura kamar sauran.

Mama ta riga ta ji labarin zaman. Ta rubuta ranar a allon ofishinta, ta ce mu shirya. Mu, Anti.

Ɗaya daga cikin masu shirya taron abokina ne tun muna aji ɗaya. Ya ce abu ne mai sauƙi, shi ke riƙe da ƙofar shiga manhajar taron. Ko dai ya bar ta a ɗakin jira kada ya shigar da ita har in gama, ko ya kulle mata makirufo, daga baya a ce manhajar ce ta samu matsala. Mama ba ta ƙware da waɗannan abubuwa ba, ko sauya hoton wayarta mu take kira, don haka za ta yarda. Ya ce babu wanda zai ji ciwo. Matata da ta ji, sai ta daina wasa ta ce wannan cin amana ne, in je in faɗa wa matar gaskiya. Faɗi yana da sauƙi daga kan kujerar falo. Na je ƙofar ofishinta da niyyar magana, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, na ƙare da tambayarta ko an kawo sabbin safar hannu.

Anti, ba na son in ɓata wa matar nan rai, kuma ba na son in rasa aikin nan. Ina jin haushinta, ina jin kunyar jin haushin. In bar abokina ya kulle ta? Idan ba haka ba, ya ake yi da mutumin da ya yi maka komai, har ya haɗa da yi maka magana?

Naki,
Likitan kaji da aka karɓe wa baki

*

Likitan kaji,

Haushinka yana kan hanya, kada ka ji kunyarsa. Bai dace a kira mutum yaro a taron da ya zo nuna girmansa ba, kuma bai dace malami ya karɓe tambayar ɗalibinsa ba, balle ya amsa abin da bai gani ba. Mama ta yi kuskure. Alherin da ta yi maka a baya bai goge wannan ba, kamar yadda wannan bai goge alherin ba.

Amma ka koma ka karanta wasiƙarka, domin ka binne babbar maganar a tsakiya ka wuce da sauri. Wani ya rubuta cewa sabis ɗinka ya ɗauke. Matarka ta tashi ta kai waya bakin taga. Kai ka ce sharri ne. Ni na yarda da matarka. Mutum ba ya barin kujera ya tafi taga saboda shirun ƙiftawar ido.

Yanzu ka zauna a kujerar Mama ka kalli allon. Ga ɗalibinta an yi masa tambaya, ya sunkuyar da kai, ya yi tsit, baƙi sun fara rubuce-rubuce a gefe. Matar da ta sa takalmin roba ta bi ka gona ranar da ka zauna a ƙasa, me kake zaton za ta yi? Abin da ta saba ta yi, ta taso ta ɗauke ka. Kai kana jiran ta ɗaga maka kai, ita kuwa kyamararta a kashe, ko ta ɗaga ba za ka gani ba, wataƙila ma ba ta san shi kake jira ba. Tsarin nan naku na teburi ne, inda ido ke ganin ido. Ku biyun kuka ɗauko shi kuka kai inda babu teburi. Sau uku ka sunkuya, sau uku ta taso, har yau kuma tana ganin ceto ta yi, shi ya sa ta shigo tana murna.

Don haka dabarar abokinka ka ajiye ta. Na farko, ka manta bango ɗaya ne tsakaninku. Matar da aka hana shiga ta waya za ta taso ta turo ƙofar ɗakin ajiya, ta tsaya a bayanka kusa da tsintsiya, ta amsa daga nan, a cikin kyamararka. Na biyu, irin wannan ƙarya ba ta daɗewa a tsakanin mutanen da suka san juna, kuma ranar da ta ji, abin da ke tsakaninku ba zai koma yadda yake ba. Na uku shi ne ya fi damuna. A ce dabarar ta yi aiki. Daktar ta yi tambaya, kanka ya sunkuya da kansa don haka ya saba, kana jira, babu mai zuwa. A ranar za ta samu amsar da take nema, kuma ba wadda kake so ba ce.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Ka koma ofishinta cikin makon nan, ka bar zancen safar hannu a waje. Kada ka fara da yadda ka ji, don nan ne harshenka yake ɗaurewa. Ka fara da gonar. Ka ce mata akwai abin da ba ka taɓa sanar da ita ba game da samfuran nan, ka ba ta labarin kular, ka ce bayanin da ke cikin naɗin bai yi daidai ba, kana son ka gyara shi da bakinka a farkon jawabinka na gaba. Wannan maganar aiki ce, kuma macen da ta kafa doka don kada a faɗi abin da ba a auna ba za ta gane ta nan take. Gyaran nan ma dole ne, ko da aiki ko babu, domin wani zai iya kallon naɗin ya ɗora nasa binciken a kai. Ranar taron ba sai ka ce wance ta yi kuskure ba. Ka ce ga ainihin dalilin, ni ne na je gonar.

Sannan ka miƙa mata wayarka ta karanta saƙon Daktar da idonta. Kada ka yi sharhi. Malamar da ta kai shekarunta ta san ma'anar a ce ba a san ko aikin wane ne ba.

Daga nan ka roƙi abu biyu. Na farko, ta zaunar da kai a dogon teburin kafin ranar, ita da masu furfurar nan, su yi maka ruwan tambayoyi, kai kuma ka amsa ba tare da ka jira kowa ba. Mutumin da ya saba taimako ba a ce masa ya naɗe hannu kawai, a ba shi inda zai sa hannun. Na biyu, ka faɗa mata ƙarara cewa a taron da ya wuce ita kake jira ta ɗaga maka kai, kuma a wannan karon kana roƙon ta saurara kawai, ko da ta ga ka yi shiru, ko da ta ga ka yi tuntuɓe. Tunda kanka ba ya tashi sai da izininta, to ka karɓi izinin tun a ofis. Ka ce ta ɗaga maka kai yanzu, sau ɗaya, ya ishe ka har ƙarshen taron.

Mai yiwuwa ranta ya sosu, ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwarka a taƙaice. Ka jure, ka ci gaba da gaishe ta. Mai yiwuwa kuma ta yi alkawari, ranar ta zo bakinta ya riga ta. Idan haka ta faru, ka bari ta ja numfashi, ka yi mata godiya, ka ce bari in ƙara da abin da na gani a gona, ka faɗi naka har ƙarshe. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma Daktar za ta lura.

Sauran aikin naka ne. Ka sa matarka ta riƙa kiranka ta bidiyo daga ɗaya ɗakin tana jefo maka tambaya, tunda ta haddace jawabin, kuma da alama ba ta rasa bakin magana. Da ka ji tambaya ka dubi kyamara, ka maimaita ta da ƙarfi, in kana bukatar tunani ka ce bari in yi tunani, kowa ya ji kana nan. Tunanin da Mama ta koya maka ka riƙe shi, sunkuyawar ce za ka bari. Ka kuma tuna tambayar agwagin nan. Amsarta ita ce ba ka gwada ba tukuna. Gajeriya ce, babu ado, amma da ka faɗe ta da tuni an san mai aikin.

Ba zan yi maka alkawarin Daktar za ta ɗauke ka ba, wannan ba a hannuna yake ba. Abin da na sani shi ne ta ce tana neman wanda zai tsaya shi kaɗai a gaban mai tambaya, kuma gwajin farko ba a intanet za a yi shi ba. A ofishin da ke bayan bangon nan za a yi shi, a gaban mace mai kallonka ta saman tabarau. Idan ka iya buɗe baki a can ba tare da an ɗaga maka kai ba, na wata mai zuwa ba zai gagare ka ba.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce na ce ta sassauta tsokanar har a gama. Allah ya buɗe maka baki, ya sanyaya zuciyar Mama, ya sa aikin ya zama rabonka.

Antinku